Kundin aikin fitar da iri: karas, kabeji, albasa da lissafin sanyi

14 ga Oktoba, 2024

Aikin da muka ɗauka bana, ni da ɗaliban ƙungiyar noma ta makarantarmu a nan gefen Zariya, shi ne mu fitar da irin karas da na kabeji da hannunmu. Mun sa albasa a ciki don ta zame mana ma'auni, tunda masu albasa sun daɗe suna cire irinsu ba tare da taimakon kowa ba. Karas da kabeji kuwa kowace shekara sai an sayi gwangwani ko leda daga waje, kuma tun da aka saki naira a 2023 darajarta ta faɗi, mai lambu sai ya yi dogon tunani kafin ya fasa gwangwani ɗaya.

Rashin irin gida ba laifin ƙasarmu ba ne, ba kuma kasalar manomi ba ce. Waɗannan shuke-shuke biyu rayuwarsu zango biyu ce. A zangon farko su tara abinci, karas a saiwa, kabeji a kai. Ba sa shiga zango na biyu, na fure da iri, sai sun sha sanyi na makonni a jere. A Turai, inda aka gyara irin da muke saya, wannan ɗabi'a ce ke hana su yin fure dab da saukar ƙanƙara, fure ya mutu a banza. A nan kuwa sanyin da suke jira ba ya cika zuwa, sai su yi ta zama a zangon farko har su ruɓe.

Za mu raba kowace shuka gida uku. Kashi ɗaya ya zauna a komi ya sha hunturu yadda Allah ya kawo shi. Kashi na biyu ya shiga firjin ɗakin gwaji, wanda ke kan sola da batir. Na uku ya shiga firjin gidana mai jiran wutar gari. Karas ɗin irin da ake kira Nantes ne da muka shuka a Agusta, kabejin kuma irin da ake kira Copenhagen Market. Da gangan muka guji duk ledar da aka rubuta wa F1, don irin da aka cire daga haɗaɗɗen iri ba ya maimaita uwarsa, 'ya'yan kowa da kamarsa.

26 ga Oktoba

Yau aka tone. Mun zaɓi karas miƙaƙƙu masu launi sosai, marasa tsaga, muka yanke ganye muka bar kamar tsawon gaɓar yatsa a saman kai. Na tsaya a kan yaran a wannan wurin, don akwai mai son ya shafe kan da wuƙa ya yi sumul kamar na kasuwa. Idon toho da ke tsakiyar kan, inda sabbin ganyaye ke fitowa, shi ne wurin da ke jin sanyin. Tun a 1930 Curtis da Chang suka nuna haka a Amurka da shukar seleri, wani kayan lambu dangin karas: suka sanyaya idon toho kaɗai, sauran jikin yana cikin ɗumi, ta yi fure, suka ɗumama idon, sauran jikin yana cikin sanyi, ta ƙi. Daga baya, a shekarun 1960, Wellensiek a Holan ya ƙara da cewa sai wurin da tantanin halitta ke rarrabuwa ne sanyin ke kamawa. Shi ya sa firiza ba ta da amfani a nan. Abin da ya daskare ba ya girma, kuma abin da ba ya girma ba ya lissafin sanyi. Ana son tsakanin digiri 1 da 10, mu mun saita namu wajen 5.

Shekaru ma suna da tasiri. Ƙaramin karas da bai kai ganye takwas ba, ko kabejin da kararsa ba ta kai kaurin fensir ba, ko sun kwana a firji wata uku ba abin da zai faru. Sai shuka ta wuce ƙuruciya take fara jin sanyi. Don haka duk ƙananan muka ware wa masu dafa abincin makaranta.

An jera karas cikin ɗanyen yashi mai ɗan laima a robobi. Kabeji ya ba mu wahala, don da saiwarsa ake son sa. Muka ɓare manyan ganyayen waje, muka naɗe saiwar da jiƙaƙƙen buhu, kai huɗu kawai ya cika firjin ɗakin gwaji.

Wani malamin jami'a da ya ji labarin aikin ya aiko mana da cikin tafin hannu na alkamar da ake shukawa a Turai kafin sanyi. Mun jiƙa rabi har bakin ya ɗan fashe, muka sa a tsumma mai laima a firji. Ɗaya rabin yana aljihun tebur.

9 ga Nuwamba

Dashen albasar iri. Baba mai lambu, wanda lambunsa ke jikin katangar makaranta, shi ya kawo kawunan daga ajiyarsa, jajaye irin na Sakkwato da Kabi. Da ya ga na ware wasu da suka kwana a firji sai ya yi dariya ya ce, "Malam, albasa ai ba ta neman firji. Hunturun Allah ya ishe ta." Na ce, "Gaskiya ne, Baba, so nake in ga ko firjin zai gaggauta ta." Ya ce to, a gwada.

Yana da gaskiya, kuma dalilin yana da daɗin sani. Albasar Turai ta fi ɗaukar shirin fure tsakanin digiri 7 da 13. Albasar yankinmu ba ta da tsadar sanyi haka. Binciken da aka yi a Gana kan albasar Bawku ya nuna daren da ke tsakanin digiri 15 da 21 ma yana isarta. Ɗaruruwan shekaru manoman Aleiro da Galmi da Bawku suna cire iri daga wadda ta yi fure a hunturunmu, wadda ta ƙi kuma zuriyarta ta yanke, har aka wayi gari albasarmu ta daidaita da ɗan sanyin da muke da shi. Karas da kabeji baƙi ne, ba a yi musu wannan tankaɗe da rairaya a nan ba.

Baba ya yi wani abu da na sa yara su rubuta. Ya yanke kamar kashi ɗaya cikin huɗu na saman kowane kai kafin ya dasa, ya barbaɗa toka a wurin yankan. Ya ce haka toho ya fi fitowa tare, kuma yana ganin cikin albasar, in akwai ruɓa ya jefar. Ƙananan kawuna bai yarda a dasa ba, ya ce karansu ɗaya ne siriri, ko ma su ƙi fitarwa.

Na kuma lura da abin da rudu, wato rumbun ajiyar albasa, ke yi wanda ba a faɗa. Albasa tana shafe bazara da damina a ajiya cikin zafi, kuma zafin da ya kai digiri 28 zuwa 30 yana danne shirin fure a cikin kan. Wato ajiyar tana riƙe ta ne har lokacin da za a dasa, sannan daren Disamba ya tashe ta.

23 ga Nuwamba

Unguwarmu ta kwana biyu ba wuta. Na sa ma'aunin zafi a firjin gida, da la'asar ya haura digiri 20. Sai wuta ta dawo cikin dare ya sauka, gari ya waye a sake ɗaukewa. Karas ɗin da ke ciki sun fara fitar da farin toho, biyu sun yi laushi an cire.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga gwajin. Purvis da Gregory, da suka yi aiki a Landan kan wani hatsi dangin alkama mai suna rye tun daga shekarun 1930, sun gano cewa zafi yana goge sanyin da shuka ta sha, musamman idan sanyin bai daɗe ba. 'Yan kwanaki a digiri 35 kan mayar da hannun agogo baya. Gwargwadon daɗewar sanyin, gwargwadon wuyar goge shi. Firjin gida dai ya zama gwaji na daban: me ke faruwa idan sanyi yana zuwa yana yankewa. Na bar shi a haka.

Firjin sola yana nan tsaye tsakanin 4 da 6.

7 ga Disamba

Mun shuka alkama layi uku: tamu ta gida da aka sayo daga wajen manoman Kadawa, baƙuwa da ta sha firji, da baƙuwa ta aljihun tebur. Wadda ta fito daga firji ta riga ta yi 'yan fararen saiwoyi, sai da muka bi ta a hankali da tsinke.

Wata ɗaliba ta ce ai ita ma alkamarmu sai da sanyi, kowa ya san haka, don me za a ce ba ta buƙatar firji? Tambaya ce mai kyau, don maganar "alkama sai da sanyi" tana haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Alkamar da ake nomawa a Kano da Jigawa da Borno tana son hunturu ne don ta yi 'ya'ya da yawa a gindi, kuma ƙwayarta ta cika kafin zafin Maris ya ƙone ta. Shi ya sa ake matsa wa manoma su shuka daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba. Amma ko babu sanyi za ta fitar da zangarniya, sai dai ta yi ƙanƙanta. Baƙuwar kuwa, in ba ta sha sanyin makonni shida zuwa takwas ba, ba batun ƙarancin amfani ake ba, zangarniyar ce ba za ta fito a kan lokaci ba sam.

Bajamushe Gustav Gassner ne ya fayyace wannan bambanci a 1918, ya nuna cewa hatsin da ake shukawa kafin sanyi yana iya karɓar sanyinsa tun yana tsiro a ƙwaya. Kafin shi ma, a 1857, Klippart a jihar Ohayo ta Amurka ya rubuta cewa in aka ɗan tsirar da irin wannan alkama aka ajiye ta a sanyi, za a iya shuka ta bayan wucewar hunturu ta yi kai. Abin da muka yi da tsumma ke nan. Ga bambancinta da karas: alkama tana jin sanyi tun tana jaririya, karas sai ya girma.

21 ga Disamba

Mako takwas sun cika, an fitar da karas da kabeji. Ban yarda a kai su komi kai tsaye ba. Rana a nan ko a Disamba tana kaiwa digiri 29 ko 30, kuma ƙasar komi ta fi haka zafi da azahar. A aikin Purvis da Gregory akwai wata dabara: idan bayan sanyi aka ajiye shuka 'yan kwanaki a matsakaicin yanayi, wajen digiri 15, abin da ta tara yana zaunawa, zafi ba ya saurin goge shi. To ina za mu sami digiri 15 da rana?

Sai muka koma ga tukunya cikin tukunya, dabarar da marigayi Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa har ta samo masa lambar yabo ta Rolex a 2000. Randa babba, ƙarama a ciki, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, jiƙaƙƙen buhu a baki. A damina ba ta yin wani abin kirki, amma a busasshiyar iskar hunturu ruwa yana tashi da sauri, cikin randar ya yi sanyi har hannu ya ji. Ma'auninmu bai kai 20 ba ko da tsakar rana. Karas za su yi kwana biyar a ciki. Kabeji bai shiga randa ba, sai muka dasa shi da yamma a inuwar katanga ta arewa, muka lulluɓe gindin da ciyawa.

Kowane kan kabeji an tsaga shi da wuƙa gicciye, zurfin kamar yatsa biyu. Ganyen kan a matse yake, in ba a buɗe wa karan hanya ba sai ya lanƙwashe a ciki ya ruɓe.

11 ga Janairu, 2025

Hunturu ya kankama. Yara suna karanta ma'auni da asuba da azahar. Da asuba muna samun 12 zuwa 14, da azahar kusan 30. Waɗannan lambobi biyu su ne duk labarin abin da ya sa kabejin da aka bari a komi yake zaune shiru yana ƙara ganye.

Na ɗauki darasin yau kan abin da ke faruwa a cikin tantani, don an san shi sosai a wata 'yar ciyawa mai suna Arabidopsis, wadda dangin kabeji ce na kusa. A 1999 ƙungiyoyi biyu, ta Richard Amasino a Wiskonsin da wata a Kanbera ta Ostareliya, suka gano ƙwayar gado, wato ɗan sashen saƙon halitta da shuka ke gada daga iyayenta, mai suna FLC. Aikinta hana fure. Muddin tana aiki, saƙon da ganye ke aika wa idon toho cewa lokaci ya yi ba ya fita. Sanyi yana kashe muryarta a hankali. Bayan makonni na sanyi wani furotin mai suna VIN3, wanda aka bayyana a 2004, yana taruwa, ya haɗu da wasu furotin su dunƙule wurin da FLC take a jikin zaren gado, su sa masa alamar kada a karanta. Alamar tana bin tantani duk lokacin da ya rabu biyu, shi ya sa ko ɗumi ya dawo shukar ba ta mantawa. Rubutun gadon kansa bai canza ba ko da harafi ɗaya.

Abu biyu daga ɗakin binciken Caroline Dean a cibiyar John Innes da ke Norwich ta Ingila sun fi shafarmu. Na farko, a 2011, sun nuna cewa FLC ba ta raguwa kaɗan-kaɗan a kowane tantani. Ko dai tana aiki ko ta mutu. Abin da tsawon sanyi ke ƙarawa shi ne yawan tantanin da tasu ta mutu. Mako biyu, kaɗan. Mako takwas, kusan duka. Na biyu, a 2018, da suka bar ɗakin gwaji suka shuka a fili a Ingila da Suwidin, sai suka ga shukar ba matsakaicin zafin yini take bi ba. Abin da take dubawa shi ne ko zafi ya haura digiri 15 a wani lokaci cikin yinin. In yana haurawa, VIN3 ba ya taruwa yadda ya kamata.

To ka dubi namu. Abin kamar asusu ne da ake jefa wa kuɗi da asuba a zo a zare da azahar. Daren Zariya yana ɗan saka wani abu, ranar Zariya ta kwashe. Ko da hunturu ya yi tsanani har mutane suna kwana da garwashi, kabeji bai ga yini ɗaya cikakke a ƙasa da 15 ba. A ganina wannan ne ya kamata malaman gona su riƙa faɗa wa mutane, maimakon "ƙasarmu ba ta da sanyi". Sanyin dare muna da ɗan abin da ba a rasa ba. Abin da ba mu da shi shi ne rana marar zafi.

Wani yaro ya tambaya ta yaya shuka ke sanin mako shida ya bambanta da kwana shida. Ɗaya daga cikin amsoshin ta fito a 2020 daga wannan cibiya. Akwai furotin mai suna NTL8 da ba ya saurin lalacewa. A ɗumi shuka tana girma da sauri, tantani yana ta rabuwa, furotin ɗin yana tsinkewa a tsakaninsu. A sanyi girma yana ja baya, sai ya taru, shi kuma ya tayar da VIN3. Jinkirin girman kansa shi ne agogon.

1 ga Fabrairu

Albasa ta fitar da kara ko'ina. Ta firji ta riga ta Baba da kwanaki kaɗan kuma ta fi fitowa tare, amma ba bambancin da zai sa mai hankali ya sayi firji. Baba ya zagaya komin ya dawo bai ce komai ba, sai murmushi.

Karas na firjin sola sun fara motsi, kuma sai ka durƙusa za ka gani. Ganyen da ke kwance a baje ya miƙe tsaye. A tsakiya wani kara mai gashi-gashi da layuka a jikinsa ya ɓullo, ganyayen da ke kansa ƙanana ne, kuma tazarar da ke tsakanin gaɓoɓinsa tana ƙaruwa kullum. Na sa yara su ɗaura zare a sanda daidai tsayinsa da safe, washegari ya wuce zaren. Yawancin layin sun yi haka. Na firjin gida 'yan ƙalilan ne suka ɗaga, sauran ganye kawai suke yi, kore shar, gwanin sha'awa, ba amfani. Waɗanda aka bari a komi tun Agusta sun yi ƙato sun tsage, ko ɗaya bai ɗaga ba.

A gefe guda latas ɗin Baba ma ya fara tsawo yana ɗaci, yaran suka ce shi ma sanyi ne. A'a. Latas zafi ne ke kora shi zuwa fure. Ba duk karan da ya miƙe ba ne aikin hunturu.

22 ga Fabrairu

Alkamar gida ta yi ciki ta fitar da zangarniya tuntuni, ƙwaya tana cika. Baƙuwa ta firji ta makara, amma ga kawuna suna leƙowa nan da can. Ta aljihun tebur ta zama dunƙulen ciyawa a ƙasa, 'ya'ya a gindi ba iyaka, ba kara ko ɗaya. Mai akuya da ya wuce ya tambaya ko ta sayarwa ce.

A alkama ba FLC ce ke riƙe da ragamar ba. Ƙungiyar Jorge Dubcovsky a jami'ar Kalifoniya da ke Davis ta gano ƙwayoyin gado uku, VRN1 da VRN2 da VRN3, tsakanin 2003 da 2006. VRN2 tana hana fure. Sanyi yana tayar da VRN1, ita kuma ta danne VRN2, sai VRN3 ta sami damar aika saƙon fure idan yini ya yi tsawo. Alkamar da ba ta jiran sanyi, irin tamu, galibi tana ɗauke da VRN1 da ke tashi da kanta. Albasa ma tata hanyar daban ce: masu bincike a Niyu Zilan sun nuna a 2013 cewa ƙwayoyin gado 'yan gida ɗaya ne ke raba aiki, wata ta sa a yi kai, wata ta hana, wata kuma ta tashi bayan sanyi a lokacin fure.

Shugaban ƙungiyar ɗaliban ya kawo shawara: tunda baƙuwar ta sha firji ta yi kai, mu ajiye irinta, baɗi ba sai an sa a firji ba. Na ce masa wannan tunanin ya taɓa cin rayuka. Trofim Lysenko, wanda ya yi suna a Tarayyar Sobiyet daga 1928 da wannan dabarar ta jiƙa iri a sanyaya, ya yi iƙirarin cewa abin da shuka ta koya daga sanyi 'ya'yanta za su gada. Stalin ya mara masa baya. Nikolai Vavilov, babban masanin iri na ƙasar da ya ƙi yarda, an kama shi a 1940 ya mutu a kurkukun Saratov a 1943, kuma a Agustan 1948 aka haramta koyar da ilimin gado yadda duniya ta san shi. Gaskiyar ita ce alamar da sanyi ke sawa ana goge ta a cikin sabon iri. Kowace zuriya sai ta sha nata sanyin daga farko.

Baba yana jin mu, sai ya ce, "Amma Malam, albasar da ta yi kara a shekarar farko, in ka cire irinta, 'ya'yanta ma haka za su yi ta yi." Na ce haka ne, Baba, amma wannan zaɓe ne, ba koyo ba. A cikin gona akwai masu saurin fure tun asali, in ka ɗebi irinsu su ka yawaita. An san albasar Galmi da wannan matsala ta fitar da kara tun a shekarar farko, kan ya ƙi girma, tsakiyarsa ta yi tauri, ta ƙi ajiya. Manomin da ya ga kara a gonar sayarwa ya ce ya sami iri a ɓagas, shi ke ɓata irinsa da hannunsa. Baba ya ce shi tun wajen mahaifinsa ya gaji karya irin wannan karan a jefar, iri sai daga kan da ya kwana a rudu.

Wannan gargaɗin ya hau kanmu mu ma. 'Yan karas ɗin firjin gida da suka ɗaga da guntun sanyi su ne masu saurin fure. Na sa an ɗaura musu jan ƙyalle, ba za a haɗa irinsu da na sauran ba.

15 ga Maris

Azumi ya shigo da zafi, ban ruwa ya koma bayan asuba. Kabeji uku daga na firjin sola sun fasa ta wurin tsagar sun fitar da kara mai rassa da furanni rawaya. Sanyin ya yi aikinsa. Abin da ya biyo baya ne ya ƙi. Furannin suna buɗewa da safe, kafin la'asar sun yanƙwane sun zube, darɓa kuma ta rufe ƙarshen rassan. Kabeji ba ya cika karɓar bununin kansa, sai na wani gindin, ga shi ukun ba su buɗe tare ba. 'Yan kwasfan da suka kama sirara ne, na fasa ɗaya ba komai a ciki.

Lissafin a fili yake. Furen kabeji yana son sanyin Janairu, mu kuma mun kawo shi Maris. In ana so ya dace, sai ya shiga firji tun Agusta, a dasa a ƙarshen Oktoba. Hakan na nufin a yi renonsa a bazara, lokacin da kabeji ya fi wahala a nan.

Karas bai damu da zafin kamar kabeji ba. Fararen kawunan fure sun buɗe, ƙudaje da ƙudan zuma suna kai da komowa tsakaninsu da albasa.

12 ga Afrilu

An yanke kawunan albasa tun kafin salla, da baƙin iri ya fara leƙowa, an shanya a inuwa a kan tabarma. Baba ya ɗauki rabonsa. Na karas mun fara da manyan kawunan tsakiya da suka yi ruwan ƙasa, su ne ke da iri mafi ƙwari. Irin yana da ƙananan ƙayoyi a jiki, ba sumul yake kamar na gwangwani ba, sai an murza shi a tafin hannu an sheƙe. Mun jera ɗari a jiƙaƙƙen tsumma don gwada tsiro, sakamakon sai mako biyu. Na jan ƙyalle yana cikin kwalba daban da takardarsa.

Baƙuwar alkama ta aljihun tebur ta bushe ba ta yi kai ba. Ta firji ta ba da 'yar ƙwaya motsattsiya, za mu raba ta biyu baɗi, rabi firji rabi tebur, don shugaban ƙungiya ya gani da idonsa.

Abin da ke gaba uku ne. Wani abokin aiki da ke koyarwa a kan tsaunin Jos, inda tudun ya kai kusan mita 1,200 kuma rana ba ta zafi kamar nan, ya yarda ya bar layin kabeji ya ratsa hunturu a fili, da ma'auni a gefensa, mu kwatanta lambobin azahar. Muna kuma neman irin karas na ƙasashe masu zafi, kamar Brasília da hukumar binciken noma ta Burazil ta fitar a 1981, wanda ɗan sanyi ke isarsa ya yi fure, mu ga ko daren Zariya kaɗai zai ɗaga shi ba firji. Renon kabejin zagaye na biyu kuma zai fara a makon farko na Mayu, a ƙarƙashin rumfar zana, in Allah ya kai mu.